Adireshi mai lamba da mai kalmomi: wanne ke jawo tallar da ta dace da shafi?

Ɗan uwanmu da ke rubutu kan farashin yadi da atamfa a Kantin Kwari ya kawo tambaya. Shafinsa na intanet, wanda ya gina da manhajar WordPress, yana fitar da adireshi irin /?p=418, tallace-tallacen AdSense (tsarin Google na saka talla a shafukan mutane) da ke bayyana a kai kuwa ba ruwansu da yadi, daga manhajar ba da bashi sai ta wasanni. Wani ya ce masa ya mayar da adireshin kalmomi, kamar /farashin-atamfa-a-kwari, komai zai daidaita. Shin haka ne?

Malam, shawarar ba ta da laifi, sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Bari mu fara da yadda tallar ke zuwa. AdSense, wanda Google ya fito da shi a 2003, yana da manhajarsa ta karanta shafuka mai suna Mediapartners-Google, dabam da Googlebot da ke yi wa injin bincike aiki. Idan aka buɗe shafin da aka liƙa wa umarnin AdSense mai jawo talla, sai ta zo ta karanta kanun labarin da ƙananan kanu da jikin rubutun, ta fahimci kan me ake magana, ta adana sakamakon a ƙarƙashin wannan adireshin. Wato a wurinta adireshi sunan ajiya ne tun kafin ya zama abin karantawa.

To mu jera biyun. Mai lamba, /?p=418, bai faɗi komai game da abin da ke ciki ba, amma ba ya motsi. Da zarar an karanta shi sau ɗaya, an san shafin atamfa ne. Mai kalmomi ya fi shi da abu biyu: yana ƙara ɗan haske kan maudu'in, kuma wanda aka turo wa shi a WhatsApp zai san abin da zai tarar kafin ya ƙona datarsa. Na biyun nan ne ya fi nauyi a wurina. Ta fuskar talla kuwa ratar da ke tsakaninsu ƙarama ce, domin kalmomi huɗu a adireshi ba za su rinjayi kalmomi ɗari biyar da ke cikin shafi ba. Rubutun da ya cakuɗa atamfa da siyasa da ƙwallo, ko an raɗa masa adireshi mai kyau, tallarsa a cakuɗe za ta zo.

Inda ratar take da faɗi shi ne tsakanin adireshi tsayayye da mai sauyawa. Wasu shafuka, musamman na saye da sayarwa, suna liƙa wa kowane baƙo lambarsa a wutsiyar adireshi, sai ka ga /kaya?id=418&sessionid= da dogon jerin haruffa a bayansa. Shafi ɗaya ne, amma manhajar tana ɗaukar kowace wutsiya sabon shafi da ba ta taɓa gani ba. Kafin ta zo ta karanta, baƙon ya tafi, kuma abin da aka nuna masa talla ce ta gama-gari, ko ma fili fayau. Tun ƙarshen 2017 Google ya sanar cewa masu sayen talla ta hannunsa sun rage zuba kuɗi a kan adireshin da ba a karanta ba, saboda ba wanda ke son hajarsa ta bayyana inda bai san me ke ciki ba. Ɗan dako a Kwari zai kai kaya shagon da ba shi da allon suna muddin ya san layi da lamba. Shagon da ke sauya layi kullum kuwa, ko allonsa na zinariya ne, sai an sha yawo.

Haka nan adireshi mai www da marar shi biyu ne a wurinta. Ka zaɓi ɗaya, ka karkatar da ɗayan zuwa gare shi. Ka kuma leƙa fayil ɗin robots.txt, wanda ke faɗa wa irin waɗannan manhajoji inda za su shiga da inda ba za su shiga ba, kada a ce an tare wa Mediapartners-Google hanya ba ka sani ba.

Idan ka yanke shawarar komawa kalmomi, ka yi shi sau ɗaya ka bar shi. Kowane sabon adireshi daga farko ake karanta shi, don haka kada ka yi mamaki idan tallar ta ɗan rikice na mako ɗaya ko biyu. Tsofaffin adireshin kuma ka tabbata suna miƙa mutum ga sababbin ta hanyar karkatarwa ta 301, don kada abin da aka riga aka yaɗa ya mutu. Ka raba kalmomi da karan ɗori (-), ka kuma guji haruffa masu lanƙwasa a adireshi kaɗai: ƙ takan rikiɗe ta koma %C6%99 idan aka kwafa, ɗ ta koma %C9%97, sai adireshin ya yi tsawo ya munana.

Akwai kuma abin da adireshi ba ya magancewa. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ya amince da su, alhali Larabci da Turanci suna ciki, saboda haka kalmar atamfa a adireshi mai karatu ta fi yi wa amfani. Sannan ba duk tallar da kake gani ce ta dogara da rubutunka ba, wata tana bin tarihin wayarka ne. Idan kwanan nan ka binciki manhajar bashi, ita za ta biyo ka har shafinka. Ka buɗe shi a wayar wani ko a tagar sirri ta Chrome ka ga abin da zai fito, kafin ka taɓa adireshi ko ɗaya.