Find a Grave da BillionGraves a maƙabartar ƙauye: abin da suke iyawa da inda suke gazawa

Duk wanda ya shiga binciken salsalar dangi a intanet ba ya daɗewa sai ya ci karo da manhajoji biyu, Find a Grave da BillionGraves. Dukansu an tsara su ne bisa yanayin babbar maƙabartar birni, mai katanga da ofis da rajista, kowane kabari da dutsensa da rubutunsa. Ƙaramar maƙabartar ƙauye, wadda ke bayan gona ko cikin kurmi, kabari talatin ko arba'in kuma rabinsu babu suna, ita ce ke nuna iyakar kowacce. A irin wannan wuri za mu auna su.

Find a Grave ce babba a shekaru. Jim Tipton ya kafa ta a 1995 a birnin Salt Lake City na Amurka, da farko don kaburburan shahararrun mutane, kafin kamfanin Ancestry ya saye ta a 2013. BillionGraves ta fito a 2011, lokacin da waya mai kyamara da GPS ta riga ta shiga aljihun mutane, kuma an gina ta ne kacokan a kan waya. Daga nan bambancinsu ya taso. Find a Grave daga mutum take farawa: ka buɗe wa mamaci shafi, ka rubuta sunansa, hoton kabarin ya biyo baya in an samu. BillionGraves daga dutse take farawa: sai an ɗauki hoto a wurin, wayar ta manna masa lambobin inda aka tsaya, sannan a zo ga maganar suna. Ana amfani da dukansu kyauta, sai dai BillionGraves tana da wasu ƙarin hidimomi na masu biyan kuɗi, waɗanda mai aikin fili ba ya buƙata.

Wajen gano maƙabartar kanta, babu wadda za ta yi maka wani abin kirki. Abin da wani ya riga ya shigar kawai suke nunawa. Maƙabartar da aka daina binne mutane a cikinta shekara sittin da suka wuce, a wajen dattawan yankin ake jin labarinta, sai takardun filaye, takardun shaidar mutuwa da ke ambatar inda aka binne mutum, da tsofaffin taswirori. Google Earth na kwamfuta yana da amfani a nan fiye da manhajojin biyu, domin yana ba da damar komawa hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya. A zaɓi hoton lokacin da ganye ya zube, a nemi ɗan tsibirin itatuwa ko ciyawa a tsakiyar gonar da aka nome tas. Manomi ba ya kewaye wuri da garma shekara da shekaru ba dalili. In an isa, alamun ƙasa su ne 'yan lotsattsun wurare masu tsawon mutum, a jere suna fuskantar gefe guda, da duwatsun da ba a sassaƙa ba a tsaye a kai ko a ƙafa. Kafin a taka filin kuma a nemi izinin mai shi, da na dangin da ke da mutane a ciki in suna kusa.

Kafin ka buɗe wa maƙabarta sabon shafi a kowacce, duba ta taswira, kada ka dogara da suna. Maƙabartar ƙauye kan amsa suna biyu ko uku: na gidan da ya fara binnewa, na ƙauyen, da na wanda ya mallaki gonar daga baya. Shi ya sa ake samun wuri ɗaya da shafi biyu a Find a Grave, uba a wannan, ɗa a wancan. Akwai kuma shafukan da wanda ya buɗe su bai taɓa zuwa wurin ba, ya dasa alamar wurin a taswira a tsakiyar gari mafi kusa. Wanda ya bi wannan alama zai wuni yana yawo.

A cikin fili, BillionGraves ta fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Ka buɗe kyamarar manhajar, ka bi layi, kowane dutse hoto ɗaya, ba ka tsayawa rubuta komai. In dutsen yana da rubutu gaba da baya, ko ya yi tsawon da hoto ɗaya ba zai ɗauke ba, akwai alamar sarƙa da ake dannawa don a haɗa hotunan su zama na kabari ɗaya. Mantawa da wannan alama kuskure ne: bayan dutsen, inda aka jera sunayen 'ya'ya, sai ya koma kabari mai zaman kansa. Ba ta buƙatar sabis a wurin, domin GPS daga tauraro yake zuwa kai tsaye, hotunan kuma suna zama a waya har a koma inda akwai intanet a ɗora su. Sai dai kyamara da GPS da hasken fuskar waya da aka ƙure saboda rana suna cinye batir da sauri, don haka a tafi da abin caji na aljihu. Manhajar Find a Grave ma tana ɗaukar hoto da lambobin wuri, amma hankalinta ya fi karkata ga nemo kabarin mutum guda da aka riga aka sani. Ta fi dacewa da cika roƙon hoto, wato inda wani daga nesa ya nemi ɗan sa-kai ya ɗauko masa hoton kabarin kakansa, kuma a wannan fanni tana da jama'a sosai.

GPS ɗin da BillionGraves ke tinƙaho da shi yana buƙatar a yi masa adalci, a kuma faɗi iyakarsa. Hukumomin Amurka da ke kula da tsarin sun ce wayar hannu, a fili mai buɗaɗɗen sama, takan nuna wuri da kuskuren da ya kai kusan mita 4.9. Faɗin kabari kuwa kusan mita ɗaya ne, tsawonsa biyu zuwa biyu da rabi. In aka zana da'ira mai nisan mita biyar daga tsakiya, faɗinta ya haura murabba'in mita 78, wanda a maƙabarta mai cunkoso zai ɗauki kabari fiye da ashirin. Ƙarƙashin manyan itatuwa abin ya fi muni, saboda ganye da rassa suna tare saƙon tauraron, maƙabartun ƙauye kuwa galibi cikin inuwa suke. Wayoyin da ke karɓar zango biyu na saƙon, L1 da L5, waɗanda suka fara fitowa a 2018, sun rage matsalar amma ba su kawar da ita ba. Ma'anar wannan a aikace: ɗigon da ke kan taswira zai kai ka kusurwar maƙabartar da ta dace, ba zai ce maka ga kabarin ba. In dutse yana nan da rubutunsa, ido zai ƙarasa aikin. In dutsen ya faɗi ko an ɗauke shi bayan shekara goma, ɗigon ba zai iya ba da shaida ba. Dabara ɗaya mai rage kuskure ita ce a buɗe manhajar a tsaya a sarari minti biyu ko uku kafin hoton farko, wayar ta kama taurari da yawa. Mai rubuta lambobin wuri da hannu kuma ya rubuta aƙalla lamba biyar bayan ɗigo. Ta biyar tana daidai da kusan mita 1.1, ta huɗu kusan mita 11.

Saboda haka awon hannu bai da makwafi, kuma babu manhajar da ta tanadi wurinsa. A kafa turke biyu a gefen maƙabartar mafi tsawo, kusa da abin da ba ya gusawa kamar babban dutse ko kusurwar gini, a ja tef na mita 30 tsakaninsu, a rubuta alƙiblar layin da kamfas. Kowane kabari a ɗauki awo biyu: nisansa a kan layin daga turken farko, da nisansa daga layin zuwa kan kabarin a miƙe. A ba layukan kaburbura haruffa, kaburbura lambobi, A1, A2, B1. A rubuta lambar a ɗan allo a ajiye gefen dutsen kafin a ɗauki hoto, ba a jikinsa ba. Mutum biyu sun isa, ɗaya da tef ɗaya da littafi. Kuskuren wannan awo na santimita ne, ba na mita ba.

Kabarin da babu rubutu shi ne babbar jarrabawa, kuma a nan Find a Grave ta sha gaba. Tunda daga mutum take farawa, za ka iya buɗe shafi ga wanda takardar mutuwa ta ce a nan aka binne shi ko da babu dutse, ka kuma haɗa shafinsa da na iyayensa da abokin aurensa. A BillionGraves, hoton tudun ƙasa ba ya ba mai kwafe rubutu abin da zai kwafa. Amma wannan ƙofa da Find a Grave ta buɗe ita ce kuma hanyar da ƙarya ke shiga. Mutane kan buɗe shafi bisa zato, "ai duk danginsa nan suke, shi ma nan zai kasance", wani ya kwafa zuwa jadawalin danginsa, na uku ya kafa hujja da na biyun. Shafin da babu hoto kuma bai faɗi inda aka samo bayanin ba, a ɗauke shi a matsayin jita-jita har sai an tabbatar. Gyara ma ba a hannunka yake ba: kowane shafi yana da mai kula da shi, shawara kawai za ka aika masa.

Karanta tsohon rubutu aikin haske ne, ba na gogewa ba. Hoton da aka ɗauka rana tsaka, ko da filashin waya daga gaba, yana shafe zurfin haruffa. A sa wani ya riƙe madubi ko tocila mai ƙarfi daga gefe, hasken ya bi fuskar dutsen a kwance, sai kowane harafi ya yi inuwarsa. Sau da yawa dutsen da ake gani fili fetal sai ga suna da shekara sun bayyana. In gansakuka ta rufe, ruwa zalla da buroshi mai laushi sun isa, a fara daga ƙasa a yi sama. Ban da buroshin ƙarfe, ban da sinadarin faranta tufafi, wanda ke barin gishiri a cikin dutse ya riƙa cin sa daga ciki, ban da shafa alli ko gari. Dutsen da ke ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko ya yi ƙarar fanko in an ɗan ƙwanƙwasa, kada a taɓa shi sam. Wanda ya faɗi kuma a bar shi inda yake, a ɗauki hotonsa a haka.

Bayan ɗora hotuna a BillionGraves, duk wani ɗan sa-kai a ko'ina cikin duniya zai iya kwafe rubutun. Ga babbar maƙabarta wannan alheri ne. Ga ta ƙauye gara wanda ya je wurin ya kwafa da kansa ba tare da jinkiri ba, domin baƙo bai san sunayen yankin ba, kuma a dutsen da ya sha iska 1 da 7 suna kama, 3 da 8 suna kama, a lambobin Larabci kuma ٢ da ٣, ko ٧ da ٨, ba sa wuyar rikicewa. A kwafa abin da ke jikin dutsen daidai yadda yake, har da kuskuren rubutunsa, gyaran ya tafi cikin bayani na daban. Kwanan wata irin 03/04/1931 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, gwargwadon ƙasar. In shekarar Hijira ce kaɗai aka rubuta babu wata, kada a mayar da ita shekarar Miladiyya guda, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, kusan kullum tana ratsa shekara biyu. Gurbin kwanan wata na manhajojin yana ingiza mutum ya zaɓi guda ɗaya, kuma da zarar an zaɓa babu mai sanin zato ne. A tuna kuma ranar mutuwa da ke kan dutse ta fi ranar haihuwa inganci, tunda masu sa rubutun sun shaidi ta farko, ta biyun ji suka yi. Wani dutsen ma an kafa shi ne shekaru bayan binnewa.

Abin da aka ɗora a kowacce ya zama na idon duniya. In dutse yana ɗauke da sunan miji ko mata da ke raye, da ranar haihuwa, ko kuwa mamacin bai daɗe da rasuwa ba, a tuntuɓi dangi tukuna. Kuma kada a bar kwafi ɗaya tilo a hannun kamfani. A sake ɗaukar hotunan da kyamarar wayar, a adana su yadda suke. In za a tura wa wani ta WhatsApp a tura a matsayin takarda, domin turawa a matsayin hoto tana goge lambobin wuri da ranar ɗauka.

Ga maƙabartar da yawancin duwatsunta ke da rubutu, BillionGraves ce ta shiga fili. Ga haɗa dangi da shigar da waɗanda ba su da dutse, Find a Grave ce, tana kuma karɓar jadawalin sunaye na maƙabarta guda a ɗora gaba ɗaya, wanda ke rage wahalar buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ya hana a yi amfani da su tare. Zanen awon, da littafin da aka rubuta wane dattijo ya nuna wane kabari a wace rana, a ɗora hotonsu a shafin maƙabartar, a kai kwafin takarda ɗakin karatu ko ma'ajiyar tarihi mafi kusa, a bar wani kwafin a hannun mai filin.