Hattara da masu tallar garin "sitem-sel" ga masu ciwon zuciya

Ƙanwata ta yi haihuwarta ta uku, ba a cika wata biyu ba ta fara haki. Ƙafafunta suka kumbura, idan ka danna yatsa a ƙwaurinta sai rami ya zauna, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku. Aka yi mata hoton zuciya a asibiti, likita ya ce tsokar zuciyar ce ta yi rauni, irin ciwon nan da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, har suka ja hankali kan kunun kanwa da zafin wankan jego. Aka ɗora ta kan magunguna, ciki har da na fitar da ruwa ta fitsari. Kumburi ya fara saɓewa, ta koma cin abinci.

Ana cikin haka wata mata daga gurup ɗin WhatsApp na matan unguwa ta zo dubiya, da kwali a jakarta cike da 'yan sacet na wani gari. Ta ce wa mahaifiyarmu: "Hajiya, wannan sitem-sel ne. A ƙarƙashin harshe ake zubawa, ya shiga jini ya haifar wa zuciya sabbin ƙwayoyi. Na asibiti danne ciwo kawai suke yi, su lalata ƙoda. Ta ajiye su ta gwada wannan." Sitem-sel, wato stem cell a Turance, ƙwayoyin halitta ne na asali da ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki. Ta nuna musu bidiyon masu ba da shaida. Umma ta sayar da tumakinta biyu ta saya, ba wanda ya gaya mini. Mako biyu bayan haka aka buga mini waya da tsakar dare. Na tarar da yarinyar nan a zaune bakin gado, ta dafa gwiwa, numfashinta na ƙara, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Yaya, iska." Ruwa ne ya cika mata huhu. Allah ya sa da sauran kwana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaryar ta ci karo da abin da masana suka daɗe da tabbatarwa. Ƙwayoyin tsokar zuciya ba irin na fata ko na jini ba ne da kullum ake sabunta su. Bayan haihuwar mutum da ɗan lokaci kaɗan, kusan dukkansu suke daina rabuwa biyu su haifar da sabbi. A 2009 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka auna shekarun waɗannan ƙwayoyi, ta hanyar sinadarin kabon-14 da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka watsa a iska kafin 1963. Suka gano cewa a wajen ɗan shekara 25, kusan kashi 1 cikin 100 ne ke sabuntuwa a shekara, a ɗan shekara 75 kuwa bai kai rabin haka ba. Shi ya sa idan jijiya ta toshe wani yanki na tsokar ya mutu, tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya matsa jini.

Manyan masana ma sun nemi hanyar da za su sa zuciya ta sake tsiro, har wani ya faɗa cikin abin kunya. Dakta Piero Anversa ya yi suna a Amurka da iƙirarin cewa akwai ƙwayoyin asali da ke sake gina tsokar zuciya. Wasu suka gwada, ba su ga abin da ya ce ba. A 2017 asibitin da ya yi wa aiki a Boston ya amince a biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin an karɓi kuɗin bincike da bayanan ƙarya, a 2018 kuma jami'ar Harvard da asibitin suka nemi a janye takardun bincike 31 na ɗakin gwajinsa. Abin da ya gagari waɗannan, shi ne za a ce yana cikin sacet ɗin da ake yawo da shi a jaka?

Na karanta jikin kwalin. Garin tsirrai ne, su tuffa da inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama tsokar mutum, balle wadda aka busar aka niƙe.

Masu tallar za su nuna muku lambar NAFDAC. Ku duba da kyau, a irin waɗannan kayan sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Za kuma su ce ku yi rajista ku kawo mutane ku riƙa samun kamasho. Ita kanta matar da ta zo gidanmu haka aka jawo ta, ta zuba kuɗinta, tana neman inda za ta mayar.

Mata da yawa masu irin ciwon ƙanwata suna warwarewa, domin ƙwayoyin zuciyarsu galabaita suka yi, ba duka suka mutu ba, kuma magungunan asibiti ne ke rage musu nauyi har ƙarfinsu ya dawo. Wanda ya ce a ajiye su, wannan damar yake ƙwace wa mara lafiya. In kuna da mai jego da ke haki, ko tari in ta kwanta, ko kumburin ƙafa, ku kai ta asibiti a yi mata hoton zuciya, kuma duk abin da aka kawo muku da sunan magani ku nuna wa likitanta kafin ta kai baki.

Ƙanwata ta koma kan magungunanta, yanzu tana iya goya ɗanta ta zagaya tsakar gida. Sauran sacet ɗin na kai wa likitanta ya gani, sannan na ƙona su.