Manhajar duba cutar ganye ta hoto, na gwada ta a gonar dankalinmu

Tun farkon damina nake amfani da wata manhaja a waya, irin wadda za ka ɗauki hoton ganye ta faɗa maka cutar da ke damunsa, kuma kullum na shiga kasuwar Farin Gada a Jos sai wani ya tare ni wai da gaske tana aiki ko cin data ne kawai, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona. Ba zan faɗi sunanta ba kar a ce talla aka ba ni, ai irinsu suna da yawa kuma kusan hanyar aikinsu ɗaya ce.

Gonar ta kawuna ce ta wajen Barkin Ladi, dankalin turawa muke yi. Duk wanda ya san Jos a Yuli da Agusta ya san yayyafin nan da ba ya ƙarewa ga hazo ga sanyi, to lokacin ne cutar da malaman gona ke kira bilait take samun gindin zama, ita ce ta jawo yunwar ƙasar Ailan daga 1845, kuma nan ma in ta kama cikin 'yan kwanaki sai ka ga gona ta yi baƙi ƙirin kamar an bi ta da wuta. Ran nan Kawu bai da lafiya ni kaɗai na je, na ga wasu tabo masu duhu a bakin ganye kamar an zuba ruwan zafi, na ɗauka na tura, ko minti ɗaya ba a yi ba ta ce bilait ce mai tsanani, in juya ganyen in duba bayansa. Na kira Kawu na ce Kawu ga abin da na gani, ya ce ɗana juya ganyen, in ka ga fari-fari kamar auduga to ita ce, maza ka nemo masu feshi. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, maganarsu ɗaya. Washegari aka yi feshi da maganin da ke da mankozeb da metalaksil, kuma Alhamdulillahi gonar ta tsira.

Wannan ya sa na matsa sai na gane yadda waya ke gani. Ashe ita ba ganye take gani ba, lambobi take gani. Hoto ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kyamara mai megafiksel 12 na nufin ɗigo miliyan 12 kenan, kowane ɗigo lamba uku ne, ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Sai a yi ta nuna wa kwamfuta dubban hotuna ana ce mata wannan lafiyayye ne wannan mai cuta ne, ta yi hasashe ta faɗi a gyara mata ta sake, har ta fara kama gefe da layi, daga nan ta kama zane da tabo, daga nan siffar cutar gaba ɗaya. Wannan hanyar ta yi ƙarfi ne tun 2012 lokacin da masu bincike daga Jami'ar Toronto suka cinye gasar gane hotuna ta ImageNet da tazara mai yawa. Shi ya sa take iya raba bilait mai tsanani da ɗaya irin bilait ɗin mai zobe-zobe a cikin tabo, zanen ne ya bambanta.

Amma fa nan ne matsalar take. Sati biyu bayan nan na ɗauki hoto da tsakar rana, rana na ƙyalli a kan ganyen ga jar ƙasa ga yatsuna duk sun fito, ta ce lafiyayye ne alhali ina kallon tabon, na sa jikina na yi masa inuwa na sake ɗauka sai ta faɗi daidai. Abin ya dame ni sosai don da wanda bai sani ba ne sai ya koma gida hankali kwance. Akwai wani bincike na 2016 da aka horar da kwamfuta da hotunan ganye sama da dubu 54, ta ci sama da kashi 99 cikin 100 a kan irin hotunan da ta saba, da aka kawo mata hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban sai ta faɗo kusan kashi 31. Abin da ta saba gani shi ta sani.

Sannan akwai abin da hoto ba zai nuna ba. Wasu kunyoyi sun fara yaushi ganye kore shar amma ya langaɓe, manhajar ta ce ƙarancin ruwa, a tsakiyar Agusta fa! Kawu ya yanki kara ya tsoma a kofin gilas mai ruwa, can sai ga wani farin abu kamar madara yana zirarowa, ya ce ka gani, cutar a cikin kara take, a tumɓuke su a fitar daga gonar.

Sauran ƙorafina, babu Hausa a ciki Turanci ne, Kawu ba zai iya shi kaɗai ba, tana kuma son netwok ga gonar sai ka hau tudu kafin ya kawo, wasu magungunan da take faɗa ma na zaga shagunan cikin gari ban samu ba sai dai in nuna sunan sinadarin a ba ni makamancinsa.

Duk da haka ban goge ta ba kuma ba zan goge ba, kyauta ce, datar da take ci ba wani yawa ba. In za ka gwada ka ɗauka da safe ko cikin inuwa, ganye ɗaya ya cika sikirin, gaba da baya, daga shuka uku ko huɗu daban-daban, in amsar ta zo ɗaya sannan ka nuna wa malamin gona ko wani dattijo kafin ka kashe kuɗin magani. Da rani in Allah ya kai mu zan gwada ta a kan tumatir da kabeji a lambun bakin kududdufi, Kawu ma ya ce in zo da ita.