Sharhi: Yadda Zotero Ke Tsara Kwanan Wata a Manazarta

Na yi amfani da manhajar Zotero tun daga farkon rubuta kundina har zuwa ƙarshensa, kuma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane kansa shi ne kwanan wata. Manhajar kyauta ce, an fara fitar da ita a shekarar 2006 daga Jami'ar George Mason da ke Amurka, kuma aikinta shi ne adana bayanan littattafai da maƙaloli, sannan ta jera su a rubutu bisa salon da marubuci ya zaɓa.

Da farko na ɗauka duk abin da na rubuta a gurbin kwanan wata, shi zai fito a manazarta harafi da harafi. Ashe ba haka ba ne. Manhajar tana rarraba abin da aka shigar zuwa shekara da wata da rana, sai salon da aka zaɓa ya yanke abin da zai bayyana da yadda zai jeru. Labarin jarida guda ɗaya, idan aka gwada shi da fitattun salon jera manazarta uku, wato APA da MLA da Chicago, a salon APA shekara ce za ta zo gaba, sannan wata da rana; a salon MLA rana ce a gaba, sai sunan wata a taƙaice, sai shekara; salon Chicago kuwa da sunan wata yake farawa. Na taɓa sauya salon babi guda sukutum, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan duk ranakun suka koma sabon tsari ba tare da na taɓa ko ɗaya da hannu ba. A nan kam manhajar ta burge ni.

Inda na yi tuntuɓe, laifina ne. Na saba rubuta rana kafin wata, don haka na shigar da 03/05/2020 ina nufin 3 ga Mayu, alhali a tsarin Amurkawa wannan na nufin 5 ga Maris. Sai da nake karanta manazartata daga sama har ƙasa na lura cewa ranar da ta fito ba ta dace da wadda ke kan jaridar ba. Abin da ban kula da shi ba tun farko shi ne wasu ƙananan haruffa da ke bayyana a gefen gurbin, wato y (shekara) da m (wata) da d (rana), waɗanda ke nuna yadda manhajar ta fahimci jerin lambobin. Tun daga ranar na koma rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2020-05-03, wanda shi ne tsarin rubuta kwanan wata na ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 8601, kuma ban sake samun wannan ruɗani ba.

Wani abin da ya kamata a kula da shi shi ne nau'in da aka ba takarda. Akwai labarin jaridar da na adana daga intanet a matsayin maƙalar mujallar ilimi, sai APA ta fito da shekara kaɗai, domin abin da ƙa'idarta ta tanada ke nan ga mujallu. Da na gyara nau'in, wata da rana suka dawo. Haka kuma idan gurbin ya zama fanko, n.d. ne zai fito a salon APA, alamar cewa aikin ba shi da kwanan wata. Kuskure ne mutum ya rubuta wannan alama da kansa a gurbin.

Tsohon littafin da aka sake bugawa yana buƙatar shekaru biyu, amma a lokacin da nake rubuta kundina gurbin kwanan wata ɗaya ne. Mafita a lokacin ita ce a rubuta Original Date da shekarar bugun farko a gurbin da ake kira Extra, sai a ga madogarar ta fito kamar 1900/1953. Dabara ce mai aiki, ko da yake sabon shiga ba zai gano ta da kansa cikin sauƙi ba. Idan kuma marubuci ɗaya yana da ayyuka biyu a shekara guda, manhajar da kanta take bambance su da 2019a da 2019b, ta kuma sake jera haruffan duk lokacin da aka ƙara wani ko aka cire.