Hattara da masu na'urar "gwajin jijiya kyauta"

Jama'a, duk mai dattijo a gida ya karanta wannan. Akwai wasu da ke yawo unguwa-unguwa sanye da farar riga irin ta likitoci, su kafa rumfa kusa da masallaci, su yi ta shela da lasifika wai gwaji kyauta ne. Watan jiya mahaifiyarmu ta faɗa hannunsu.

Hajiya ta daɗe tana kukan ƙafa. Da daddare zafi kamar an barbaɗa barkono, da rana kuma ta ce ƙafar ta mutu, har silifas ya zame ba ta sani ba. Suka miƙa mata wani guntun ƙarfe da aka jona da kwamfuta, suka ce ta damƙe. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga rubutu ja da kore, wai jijiyoyinta sun bushe, ƙoda ma ta taɓu. Ba a ɗibi jini ba, ba a ko duba ƙafar ba! Aka haɗa mata kwalabe 3, kwasar adashinta ta tafi kaf, sannan aka ce ta ajiye maganin sugarta tunda ga wanda zai "wanke jini".

Wannan shi ya fi ƙona min rai. Ciwon suga ne kan gaba wajen lalata jijiyoyin ƙafa, to wanda ya raba mai suga da maganinsa, me ya yi mata?

Da muka kai ta asibiti aka auna jini, suga ya hau, sinadarin B12 kuma, bitamin ɗin da jijiyoyi ke buƙata, ya yi ƙasa. Likita ya ce ba abin mamaki ba ne: shekaru na rage wa ciki ƙarfin tsotse shi daga abinci, ƙwayar metformin, wato maganin sugan da ta daɗe tana sha, ita ma tana rage shi. Abin da babba ke buƙata a rana bai wuce maikirogiram 2.4 ba, kuma yana cikin hanta, nama, kifi, ƙwai da kindirmo. Hajiya kuwa tun da haƙora suka zube ta yi sallama da nama, sai koko da tuwo. Laifinmu ne, ba mu lura ba. Ya rubuta mata allurar B12 mai araha, ya mayar da ita kan maganinta.

Sai ya ɗauki kwalba ɗaya ya nuna min jikinta: bitamin B6 miligiram 100 a kowace ƙwaya, an ce ta sha safe da yamma. Ashe B6 idan ya yi yawa shi da kansa yake kawo mutuwar ƙafa da zafin nan. A Ostareliya, tun 2022 hukuma ta wajabta rubuta gargaɗi a kan duk maganin da B6 ɗinsa ya haura miligiram 10 a rana. Ragowar kwalabe biyun ko lambar NAFDAC babu, babu adireshin kamfani, sai hoton wani tsoho yana gudu yana dariya.

Na kira lambar da suka rubuta mata a bayan kwali, a kashe take. Wani ɗan adaidaita ya ce ya gan su ranar Juma'a a wata unguwa, da rumfarsu da ƙarfensu, tsofaffi sun yi layi.