Haƙori ko kafireto: inda mai DR650 zai fara kashe kuɗinsa

Duk wanda ya sayi babur mai cin kwalta da daji, irin Suzuki DR650, da wuya ya yi wata guda bai fara ƙorafi biyu ba. Na farko, giya ɗaya tana yi masa gudu a hanyar gona, kullum yatsunsa na kan kuloci. Na biyu, injin yana ɗan fizge-fizge idan ya riƙe totur kaɗan, in kuma ya saki sai salansa ta kama tas-tas kamar ana soya gugguru. Nan take masu shawara za su yi masa caa. Wannan ya ce a sauya kafireto, wancan ya ce a huda akwatin iska, wani ya ce salansar ce. Ni dai shawarata ita ce a fara da abin da ya fi araha, wanda in bai yi ba za a iya mayar da shi yadda yake kafin shayi ya huce, wato faifan haƙoran sarƙa, wanda makanikai ke kira sifiroket.

Wannan babur tun 1996 yake da siffar da muka sani: silinda ɗaya mai cc 644, giya biyar, kafireto Mikuni BST40. Ƙirar kasuwar Amurka daga kamfani tana zuwa da haƙora 15 a gaba, 42 a baya, da sarƙa lamba 525. Raba 42 da 15, za ka samu 2.8, ma'ana sai ƙaramin faifan ya juya sau 2.8 kafin tayar baya ta zaga sau ɗaya. Duk cinikin da za ka yi a kan wannan lamba yake tafiya.

Ka sa mai haƙora 14 a gaba, lambar ta koma 3.0. Babur zai ƙara ƙarfin ja da kusan kashi 7 cikin ɗari, zai yarda ya yi tafiyar hawainiya a cikin duwatsu ko rairayi ba tare da ka yi ta cin kuloci ba. Farashinsa a kwalta ake biya. Gudun da a da injin ke yi yana juyi 4,000 a minti, yanzu sai ya yi kusan 4,290, ka ji kijjiga ta ƙaru a hannu da tafin ƙafa, mai ma ya ɗan ƙara tafiya. Mai haƙora 16 kuwa akasin haka ne: lambar ta sauko 2.63, juyin ya koma 3,750, babur ya natsu a doguwar hanya. Amma ka shiga da shi burji mai ramuka ɗauke da kaya da mutum a baya, za ka gane kurenka, domin giya ɗayar da dama ta yi tsayi ta ƙara tsayi.

Abin da ya sa na fi son wasa da na gaba shi ne sauƙi. A DR650 faranti ne mai noti uku ke riƙe da shi, kuma 14 da 15 da 16 duk suna aiki da sarƙa ɗaya, tayar baya kawai za ka matsar. Akwai masu tafiya da na biyu a jaka, su yi kwalta da 16, in sun isa bakin daji su sa 14. Sai dai in ka sa 14, duba farantin nan da kyau, domin yakan yi wa ƙaramin faifan faɗi har sarƙa ta riƙa gogarsa. Ko dai a rage bakinsa ko a sayi ƙarami.

Na baya fa? Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da kusan uku a baya: 15 da 45 ma 3.0 suke bayarwa, sak da 14 da 42. Amfanin bin ta baya shi ne sarƙa ba ta lanƙwasa sosai a kan ƙaramin faifai, don haka ta fi daɗewa. Illarsa, za ka buƙaci sarƙa mai ƙarin gaɓoɓi, kuɗin ya ninka. Wannan na wanda ya riga ya gwada ya tabbatar da abin da yake so ne, kuma ya jira sai tsohuwar sarƙarsa ta ƙare ya sauya ta da faifan biyu gaba ɗaya. Sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka riga suka karkace kamar ƙugiya asarar kuɗi ce. Na baya ka ɗauki na ƙarfe, na alminiyon na 'yan tsere ne, yashi na cinye shi da wuri. Wasu kuma sukan koma sarƙa 520. Tazarar gaɓoɓinta ɗaya da 525, siririya ce kawai, kuma an fi samun zaɓin haƙora a cikinta. Kowacce ka ɗauka, nemi mai zoben roba a gaɓoɓi, wadda ke riƙe man ciki ta hana ƙura shiga, kuma ka bar mata sako-sako na milimita 30 zuwa 45. Agogon gudun DR650 daga tayar gaba yake karantawa, don haka duk wannan sauyi ba ya sa shi ƙarya, saɓanin baburan da ke ɗauko lissafin daga akwatin giya.

Yanzu kafireto, inda kuɗi da zuciya suke ƙonewa.

Babur ɗina na hannu na saya. Da ya fara fizge-fizgen nan sai na kai wa wani makanike, ya kwance kwanon ƙasan kafireto, ya ciro jet, wato ɗan bututun da ke auna man da ke wucewa, ya zaro silin waya daga tsohuwar igiyar birki ya yi ta zura masa, wai yana buɗe hanya. Ran nan babur ya ji daɗi. Bayan mako guda na lura tankin lita 13 ba ya kai ni inda ya saba, salansa na warin ɗanyen mai. Na kwance fulogi, na shafa bakinsa da yatsa, yatsan ya fito baƙi ƙirin kamar na taɓa gindin tukunya. Jet tagulla ce mai laushi, ramin cikinta awon gashi ne, waya ta riga ta faɗaɗa shi. Sai da na sayi sabuwa.

Kafin ka sayi komai, san wane sashe ne ke ciwo. Daga silo zuwa kwatan totur, ƙaramar jet da sukurin mai ne ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce, wato tsinken da ke buɗe wa mai hanya yayin da yake ɗaguwa. Babbar jet sai an kusa murɗe totur duka take da ta cewa. Yawancin tafiyarmu a hannun allura take, amma mutane babbar jet suke fara saya. Gwaji mai sauƙi: injin ya yi zafi, ka ja cok kaɗan a daidai inda yake fizgewa. In ya gyaru, mai ne ya yi masa kaɗan. In ya ƙara shaƙewa, mai ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe. A lokacin hunturu ma kada ka zargi jet sai ka wanke soson matatar ka sa masa mai, ka kuma duba robar da ke haɗa kafireto da injin ko ta tsage.

Zaɓi mafi araha shi ne gyara kafireton kamfanin. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka suna zuwa da babbar jet 140 da ƙarama 42.5, an ƙuntata musu mai saboda dokar hayaƙi, an toshe sukurin mai da marfin tagulla, allurar kuma ba ta da matakan ɗagawa. Ana cire marfin a hankali, a ɗan kwance sukurin, a sa siririn washa a ƙarƙashin kan allura ya ɗaga ta ƙasa da milimita ɗaya. Ga babur mai salansar kamfani da akwatin iskar da ba a taɓa ba, sau da yawa wannan ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Sama da shi akwai kunshin jet da allura, irin na Dynojet ko JD Jetting. Wannan yana da ma'ana idan ka buɗe saman akwatin iska ko ka sauya salansa, domin iskar da ta ƙaru tana neman man da zai yi daidai da ita. Kula da abu ɗaya: lambar Dynojet da ta Mikuni ba awo ɗaya ba ne, kada ka ga 150 a nan ka ɗauka 150 ce a can. Kuma huda akwatin iska ba shi da komawa baya. Wanda ke hawa inda ƙurar hunturu ke rufe gari, ko mai tsallaka rafi da damina, ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗauko wuƙa.

Na ƙarshe kuma mafi tsada shi ne cire BST40 gaba ɗaya a sa Mikuni TM40, wasu kuma Keihin FCR. Bambancin na gaske ne. A BST40 ba hannunka ne ke ɗaga allura kai tsaye ba, zuƙar injin ce ke ɗaga ta ta hanyar wata fatar roba, shi ya sa yake da sanyin amsawa. TM40 igiyar totur ce ke ɗaga ƙofar, ga ɗan famfon da ke feso mai da zarar ka murɗa, babur ya zabura nan take. Daɗi ne da shi, ba na musu. Amma kuɗinsa ya ninka na sifiroket sau da yawa, yana son hannu mai hankali, kuma ba ya yafe sauyin tudu da kwari kamar na kamfanin.

Maganar tudun nan ba ƙarama ba ce. Iska tana sirancewa in an hau sama ko in zafi ya tsananta, injin na rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 100, kuma man da ya yi daidai a ƙasa sai ya yi yawa a sama. Kano ba ta kai mita 500 sama da bakin teku ba, Jos na wajen 1,200, tsaunin Mambila ya haura 1,500. Lambobin jet da wani ya gwada a bakin teku cikin sanyi ba lallai su yi wa mai hawa a zafin Afrilu ba, balle mai zama a Gembu da ke kan Mambila. Sau da yawa ma jet ɗin kamfanin da ake kuka da ita a bakin teku, a kan tudu ita ce daidai.

Masu ƙananan babura irin Honda XR150L da Yamaha XTZ125, lissafin haƙora ɗaya ne, sai dai sarƙarsu 428 ce, kuma ƙaramin inji ya fi jin haƙori ɗaya: ka ƙara masa a gaba, ya kasa jan giya biyar in iska na busowa ta fuska. Mai Kawasaki KLR650 ƙirar 2022 zuwa sama kuwa ba shi da kafireto sam, kwamfuta ce ke auna masa mai, sarƙa da haƙora kaɗai suka rage masa.

DR650 ɗina yanzu yana kan 14 da 42, da BST40 ɗinsa, da washa guda a ƙarƙashin allura. Mai haƙora 16 na cikin jakar kayan aiki, a naɗe cikin tsumma tare da sifana lamba 10.