Sharhi a kan wani kamfanin jinyar tsofaffi a gida a Makka

Kamfanin da ke turo wa mahaifiyarmu ma'aikaciyar jinya a unguwar Hindawiyya, tun bayan da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ya cancanci yabo a kan yadda ya fito da takardunsa ba tare da an matsa masa ba. Ya nuna mana lasisinsa na Ma'aikatar Lafiya, ya kuma ba mu lambar rajistar ma'aikaciyar, wadda muka tantance a shafin hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Saudiyya tun 1992. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da iyalai da yawa ke danƙa jinyar tsohuwa ga 'yar aikin da aka ɗauko domin shara da girki, wadda ba a taɓa koya mata yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo ba.

Aikin hannu yana da kyau. Ana auna hawan jini da sukari, ana rubutawa a littafi, ana yi wa Hajiya wanka cikin sutura da mutunci.

Sai dai a wajen sa ido ne kamfanin ya gaza. Yana yawan sauya ma'aikata, kuma sabuwar takan iso ba ta san magungunan da aka dakatar ba, sai wani daga cikinmu ya zauna ya yi mata bayani da Larabci, tun da Hajiya Hausa kaɗai ta rage a bakinta bayan ciwon. Shugabar ma'aikatan da aka ce za ta riƙa zuwa duba aiki ta fi yin hakan ta waya. Da muka nemi ganin sakamakon binciken hukumar CBAHI, wadda aka kafa a 2005 domin tantance ingancin cibiyoyin lafiya, sai aka nuna mana takardar shaida a jikin bango, ba a gaya mana inda aka same su da rauni ba. A Ingila, hukumar CQC mai sa ido a kan cibiyoyin lafiya da na jinya, da ta fara aiki a 2009, tana wallafa rahoton binciken da ta yi wa cibiya tare da matsayinta cikin matakai huɗu, kuma tun 2015 wajibi ne cibiya ta kafa matsayin nata inda kowa zai gani. Iyalin da ke biyan kuɗi duk wata sun fi buƙatar irin wannan bayani.

Ya kamata 'yan uwa masu zama da igama (takardar izinin zaman baƙi a Saudiyya) su sani cewa dokar haƙƙin tsofaffi ta 2022 ta taƙaita ne ga ɗan ƙasa mai shekara 60 zuwa sama, saboda haka madogararsu ita ce yarjejeniyar da suka sa wa hannu da kuma lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya, inda ake kai ƙorafi. Ina ba da shawarar wannan kamfani ga gidan da ke da mutum mai lura a kullum, amma kafin a biya, a sa a rubuta cewa ba za a sauya ma'aikaciya ba sai an sanar da iyali kuma an miƙa wa sabuwar littafin magani.